SOB: Wa Ya Yi Zagin, Ni ko Kai?

Tsaya, Malam, kada ka juya shafin tukuna. Na hango ka kana taɓe baki tun daga kan take. Ka ce mujallar mutunci ba wurin ashariya ba ce? Na yarda ɗari bisa ɗari. To, nuna mini ashariyar. Haruffa uku na rubuta: S da O da B. Dukansu suna cikin abacadar da autanka yake rerawa a aji ɗaya, kuma ban taɓa jin an kira uban yaro makaranta a kansu ba. In wani abu mara daɗin ji ya faɗo maka a rai da ka gan su a jere, daga cikin kanka ya fito. Ni alƙalamina da alwalarsa.

Ka ce kai ba ka ma san abin da suke nufi ba? Madalla da waliyyin Allah. To me ya sa ka taɓe bakin?

Bari dai in fasa ƙwan saboda masu gaskiyar cikinku, in akwai su. SOB gajarcewar zagin nan ne na Turanci, "son of a bitch", wato ɗan karya. Duba da kyau, karya matar kare, mai ka mara lanƙwasa. Ba ɗan ƙarya ba, wannan mai aron mota ya tafi ɗaurin aure. Shi ciwonsa daban ne, za mu waiwaye shi wata rana. Harafi-harafi ake furta shi, es-o-bi. Wanda ya dunƙule shi ya ce "sob" ya faɗa wata kalma daban mai nufin shessheƙar kuka. Ka fito da niyyar cin mutunci, ka ɓuge da ba mutum labarin hawaye.

Ka ce ai shirmen yaran zamani ne, 'yan fim da mawaƙan gambarar Amurka suka ƙirƙiro shi? Haba Malam, tsoho kake yi wa kallon jariri. Zagin nan ya girmi Amurka nesa ba kusa ba. Kalmar "bitch" tana cikin tsohon Turanci tun kimanin shekara 1000 da suka wuce, kuma a lokacin sunan matar kare ce kawai, babu ƙari. Wajen shekarar 1330 an riga an rubuta ɗan karya a matsayin zagi cikin wani dogon labarin waƙe na Sarki Arthur da boka Merlin. Ba a ma haifi Columbus ba, balle ya ɓata hanya ya faɗa Amurka a 1492. Shi kansa Shakespeare, wanda malamin adabi ya sa ku haddacewa kuna gumi, a wasansa na King Lear, wajen 1606, ya sa Kent ya zazzage wa wani bara mai suna Oswald kwandon zagi, ya kai ga jingina shi da karya. Ana karanta wannan a jami'a, ana ba da digiri a kai. Ni da na rubuta haruffa uku ni ne mara kunya?

Ka ce to wai ina abin zagi a nan, mutanen da ke kwana da kare a gado, su ɗinka masa rigar sanyi, su kai shi asibiti in ya yi atishawa? Yauwa. Yanzu ka yi tambayar masu hankali, ashe kana da irinsu a ajiye. Gaskiya ne, a bakin masu kiwon karnuka kalmar ba ta da datti ko kaɗan. A gasar karnuka ta Crufts da ake yi a Birmingham kowace shekara, dattijuwa mai furfura da tabarau za ta furta ta, a miƙa kyauta, a tafa, babu mai cewa uffan. Sai dai zagin ba a kan karen yake ba. A kan halin karya yake lokacin barbara, yadda karnukan unguwa ke bin ta zugui-zugui. In aka ce maka ɗan karya, abin da ake nufi tun asali shi ne mahaifiyarka ba ta da kamun kai, saboda haka batun waye ubanka ma sai an kaɗa ƙuri'a. Francis Grose, wanda ya tattara ƙamus na bakin 'yan tashar Ingila a 1785, ya bayyana cewa babu sunan da ya kai wannan ɓata wa macen Ingila rai, har ya fi a kira ta karuwa.

Abin da ke ba ni haushi da zagin ke nan. Ƙarti biyu sun yi karo a bakin ƙofa, ɗaya ya taka ɗaya. Tsohuwa tana can gida tana ban ruwan furanninta, ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba, amma ita ce ta kwana a ciki. Wanda ya yi takun ko ƙwarzane bai samu ba. Hajiya, na ji kin ce "faɗa musu dai". Ina faɗa. A watan Satumba na 2017, a garin Huntsville na jihar Alabama, Donald Trump ya hau mumbarin kamfe ya ce zai so ya ga masu kulob ɗin ƙwallon Amurka sun kori duk ɗan karyar da ya durƙusa lokacin taken ƙasa. Bai gajarta ba, cikakken ya furta. 'Yan wasan kuwa suna durƙuson ne don nuna ɓacin rai kan yadda 'yan sanda ke kashe baƙaƙen fata, abin da Colin Kaepernick ya fara a 2016. Wa ya ba da amsar da ta fi zaga duniya? Matar da ta raini Kaepernick tun yana jariri. Ta hau Twitter ta ce in haka ne, to ita karya ce mai alfahari. Ta gane sarai gidan wa aka aiko saƙon, ta fito ta karɓa da hannunta.

Ka ce ai shi ya sa masu kunya suka gajarta shi, gajartawar ladabi ce? Bari in gyara zama, don a nan muke da shari'a da kai.

Gajartawar nan wayo ce tsagwaronta. Mai magana ya furta haruffa uku ya tsuke bakinsa. Kai mai sauraro ka ƙarasa sauran a zuciyarka, kalma huɗu cif, babu wadda ka tsallake. An raba zunubin biyu an miƙa maka kaso mai tsoka, shi kuma ya tafi yana kaɗa carbi. Daddawa ce aka rufe da faifai: ido bai gani ba, amma duk hancin da ke ɗakin ya shaida. Kuma kada ka ce ra'ayina ne ni kaɗai. A 1927 manyan kamfanonin fim na Hollywood, ƙarƙashin jagorancin Will Hays, sun fitar da jerin abubuwan da ba za a yarda su fito a fim ba. A sashen farko, na saɓo da ashariya, suka rubuta S.O.B. da haruffansa, kafaɗa da kafaɗa da ambaton sunan Ubangiji da wasa. Lura fa, yawancin fina-finan lokacin bebaye ne, ba sa magana. Saboda haka suka ce an hana ko a rubuce a kan allo, ko a motsin leɓe. Wato sun san 'yan kallo irinka ne: ko an kashe sauti za su karanta leɓe su ƙarasa da kansu.

Shekara 22 bayan haka shugaban Amurka da kansa ya gwada dabarar. Harry Truman yana da wani dogarin soja, Janar Harry Vaughan, wanda ɗan jarida Drew Pearson ya sa a gaba saboda ya karɓi lambar yabo daga gwamnatin Peron ta Ajantina. A watan Fabrairu na 1949, a wata liyafar cin abinci ta hafsoshin soja, Truman ya tashi ya ce duk wani S.O.B. da ke zaton surutunsa a rediyo zai sa ya kori ma'aikacinsa, to ya sake lissafi. Bai kama suna ba. Bai ma furta zagin ba, in za mu bi taka. Amma wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, kuma kasuwar ma ta sani. Jaridu suka ɗauka, malaman coci suka yi ta tir. Tir da me, in haruffa ne kawai? Pearson kuwa, ɗan duniya, sai ya ce ya karɓa hannu bibbiyu, domin a wurinsa haruffan na nufin masu hidimar 'yan'uwantaka, wanda a Turanci da waɗannan haruffa ukun yake farawa. Babu wanda ya yarda, har shi.

Ka ce wannan ai Truman ne, mutumin karkarar Missouri da ya taɓa buɗe shagon riguna da huluna ya karye, ba ka yi mamaki ba? To ga ɗan gata mai digirin Harvard. A watan Afrilu na 1962 kamfanin U.S. Steel ya ƙara dala 6 a kan kowane tan na ƙarfe, kwanaki kaɗan bayan shugaba John Kennedy ya lallashi ƙungiyar ma'aikata ta sassauta buƙatunta don kada farashi ya tashi. Kennedy ya ji an yi masa sakiyar da ba ruwa. Ya ce wa mashawartansa mahaifinsa ya sha gaya masa cewa 'yan kasuwa duk 'ya'yan karya ne, bai yarda ba sai yanzu. Mahaifin nasa, Joseph Kennedy, hamshaƙin ɗan kasuwa ne, ka ga shaidar cikin gida ce. Cikin kwana uku kamfanonin suka janye ƙarin, amma maganar ta riga ta tsallake katanga ta shiga jaridar New York Times. Daga baya Kennedy ya yi ta gyara, wai masu ƙarfe kaɗai tsohon yake nufi. 'Yan kasuwa kuwa suka buga bajo mai ɗauke da S.O.B. suna maƙalawa a ƙirji, wai su 'ya'yan kasuwanci ne. Ka ga wata fa'idar gajartawa: ana iya liƙa ta a kwat a shiga ofis.

Joe Biden shi ya yi mana gwajin duka biyun, kamar ya san za mu yi wannan gardamar. Ranar 24 ga Janairu, 2022, ana watsewa daga wani taro a fadar White House, wakilin Fox News, Peter Doocy, ya ɗaga murya ya tambaye shi ko hauhawar farashi za ta zame masa ƙarfen ƙafa a zaɓe. Biden ya yi gatse, ya ce a'a, babbar kadara ce, sannan ya kira shi wawan ɗan karya, cikakke, makirufo kuwa a kunne. Kafin dare ya raba ya buga masa waya ya ce ba da wata manufa ba ne. Ma'aikatan fadar suka rubuta maganar yadda take a kundin jawabai. Bayan shekara biyu, a watan Fabrairu na 2024, a wani taron tara kuɗin kamfe a San Francisco, sai ya kira Vladimir Putin mahaukacin SOB. Wannan karon haruffan ya furta, da ladabinsa, a cewarka. Fadar Kremlin ta ce na gode? Kakakinta, Dmitry Peskov, ya ce abin kunya ne ga Amurka, kuma Biden na ƙoƙarin kwaikwayon kaboyin Hollywood ne. Mutanen da Turanci ba harshensu ba ne ma sun ƙarasa sauran kalmomin ba tare da ƙamus ba.

To yanzu na ga ka sauya sheƙa. Ka ce shi ke nan, ka gane, mugun zagi ne, duk wanda ya faɗa maka sai an raba ku. Yi a hankali, Malam, kada ka mari masoyinka.

Akwai wani littafin kaboyi, The Virginian, da Owen Wister ya wallafa a 1902. Baƙo ya sauka a wani ƙaramin gari a Wyoming, sai ya ji wani ya kira jarumin littafin da wannan suna. Baƙon ya ƙame yana jiran jini. Jarumi ko a jikinsa, domin abokinsa ne, kuma da fara'a ya faɗa. A daren nan kuma, a teburin karta, wani mai suna Trampas ya faɗa masa kalmar nan dai, harafi bai canza ba. Sai ga ƙaramar bindiga a kan tebur, da gargaɗi cikin sanyin murya cewa in zai kira shi haka, ya haɗa da murmushi. Madaba'ar ma ba ta buga kalmar ƙarshe ba, layi ta ja a wurin, ta bar wa mai karatu aikin da na ce an bar maka. Kalma ɗaya, dare ɗaya, mutum ɗaya: a bakin wancan gaisuwa, a bakin wannan neman kabari.

Haka abin yake har gobe. Ba'amurke zai ce wane ɗan karya ne mai sa'a, yana nufin ya ci caca ko ya auri wadda kowa ke so, kuma hassada ce mai ɗan zaƙi. Zai ce tsohon nan ɗan karya ne mai tauri, wato an yi masa tiyata uku ya tashi ya koma gona, yabo ne har da jinjina. Zai ga wanda mota ta watsa wa ruwan kwata ranar da aka kore shi daga aiki, ya girgiza kai ya ce kaico, bawan Allah ɗan karya, tausayi ne zalla. Wani lokaci ma babu mutum a zancen. Kafinta ya auna ƙusa ya sami babban yatsansa da guduma, sai kalmar ta fito da kanta kafin ya tuna sunansa. Makanike yana ƙarƙashin mota, noti ya yi tsatsa ya cije, sifana tana zamewa, gumi na shiga masa ido, yana ja yana zagin notin ta uwa. Wace uwa noti yake da ita? In kuma ya kwance, zai ɗaga shi sama ya sake kiransa da sunan nan, wannan karon da murmushin nasara.

Har kai mutum kan yi wa. A 1825 mawaƙin Rasha Alexander Pushkin ya gama rubuta wasansa Boris Godunov, ya karanta wa kansa shi kaɗai a ɗaki, ya ji daɗin aikin har ya tafa, ya kira kansa ɗan karya, sannan ya rubuta wa abokinsa Vyazemsky wasiƙa ya ba shi labari. Rashawa suna da zagin iri ɗaya sak, kuma har yau suna maimaita wannan kirari in mutum ya burge kansa. Akwai kuma maganar da ake jingina wa Franklin Roosevelt a kan Anastasio Somoza, ɗan kama-karyar Nikaraguwa: wai ɗan karya ne, amma namu ne. Masana tarihi ba su sami shaidar cewa ya faɗa ba, kuma an liƙa ta a bakin wasu a kan wasu. Amma ta ƙi mutuwa, saboda babu jimlar da ta fi ta bayyana yadda manyan ƙasashe ke zaɓen abokai.

Ka ce to tunda har yabo ne, gobe za ka gwada a kan maigidanka Bature? Bismillah. Amma fara kwashe kayanka daga kan tebur, don kada a haɗa maka da masinja. Zagin ƙauna sai tsakanin tsara, waɗanda suka ci gishirin juna shekara da shekaru. Daga ƙasa zuwa sama ba ya hawa. A rubuce kuma ya fi haɗari, domin saƙon waya ba ya ɗaukar murmushi, sai dai ka bi shi da 'yar fuskar nan mai hawayen dariya kana addu'a. Ba a cika faɗa wa mace shi ba. Ita kalmar ƙarshen kaɗai ake jifa da ita, wadda ta fi ciwo. In a Landan kake, za a gane ka, amma za a ji kamar ka fito daga fim ɗin Amurka, don su can sun fi sabawa da nasu "bastard", wato shege. In kuma bakinka na ƙaiƙayi dole sai ka faɗi wani abu a gaban surukai, akwai na masu tsoro, "son of a gun", ɗan bindiga. Ko da yake a ƙasar nan tamu, a wannan zamani, ban ba ka shawarar ka kira kowa ɗan bindiga ba.

Ka ce Allah ya kiyaye, wannan duk halin Nasara ne, mu Hausawa da kunya aka san mu?

Innalillahi! Malam, ka ji tsoron Allah. Ka dube ni ka maimaita.

Ranar nan a danja, da mai A-daidaita-sahu ya gogi gefen motarka ya wuce, wa ya zuge gilashi? Wa ya miƙa hannu waje ya ware yatsu biyar, har da ɗan girgizawa don saƙon ya isa? Ba ka furta komai ba, na shaida. Bakinka a rufe, rediyo ma wa'azi take yi. Amma mai Keken ya ji, fasinjojinsa sun ji, mai sayar da ruwan leda ya ji, kuma duk sun san wace baiwar Allah aka nufa. Bature ya yi ta fama ya rage zaginsa zuwa haruffa uku. Kai ka rage naka zuwa babu harafi ko ɗaya. Wa ya fi wani ƙwarewa? Daƙuwar nan har fitar da ita muka yi zuwa Kudu. Je Legas ko Fatakwal ka ga direban da bai iya ko "sannu" ba yana ware yatsu yana cewa "waka". Daga ina ya samo? Uwaka ce aka yanke wa kai. Shege ma ya bi ta, ya sami gindin zama a Turancin buroka, har talaka in ya sha wuya sai ya ce ya ga shege. Wasu na fitar da man fetur, mu ga abin da muka ba tarayya.

Wannan "kut" ɗin kuma da ke kuɓuce maka a gidan kallo in ƙwallo ta daki turke, ina sauran kalmar? Ƙarasa mana, muna ji. A'a? Ka tsaya a harafi uku? Ikon Allah. K da U da T. Ƙirga su da kyau, sannan ka dawo mu ci gaba da zancen Truman.

Batun zagi ya koma yabo kuwa, ai mu ne malamai. Yaro ya yanke mutum uku ya jefa ƙwallo a raga, ka miƙe tsaye ka ce shegen yaro! Ubansa yana gefenka yana washe baki, ya ji daɗi an yabi ɗansa. Shegen wayo, shegiyar mota, shegen daɗi. Shi kansa karen ba mu bar shi ba. Shadda ta yi ɗan karen tsada. Miya ta yi ɗan karen daɗi. Amarya tana da ɗan karen kyau, kuma a gaban danginta za a faɗa, su ce ai gado ta yi. Ɗan wa? Ɗan kare. Laifi tudu ne, Malam, sauko daga kan naka.

Abu ɗaya zan ba ka, don kada ka ce na cika son kai. Nauyin ba ɗaya ba ne. A nan, ambaton uwar mutum da gaske, cikin fushi, ido cikin ido, yana iya kai mutane gaban alƙali ko gadon asibiti. A Amurka ɗan karya ya sha jiki har ya lafa. Matsakaicin zagi ne, ana jin sa a wasannin talabijin na dare. Ba ya ma cikin kalmomi bakwai ɗin nan da ɗan barkwanci George Carlin ya lissafa a 1972 a matsayin waɗanda ba a furtawa a talabijin, zancen da ya kai har Kotun Ƙoli a 1978. Yawancin masu faɗarsa ba sa ma tuna akwai wata uwa a ciki. Amma lafawa ba mutuwa ba ce. A watan Satumba na 2016 shugaban Filifin, Rodrigo Duterte, yana gargaɗin kada Barack Obama ya yi masa tambaya kan kashe-kashen yaƙinsa da 'yan ƙwaya, ya saki wata ashariya ta harshen Tagalog mai taɓa uwa. Jaridun Turanci suka fassara, wasu da ɗan karuwa, wasu da ɗan karya. Nan take Amurka ta soke ganawar da aka shirya musu a Laos. Duterte ya dawo yana cewa ya yi nadama. Ashe in baƙo ne ya faɗa, sai su tuna da tsohuwar.

Saura ƙiris in sallame ka, amma akwai rigimar da nake so in raba tun kafin ta tashi. Ka kai kanka asibiti kana haki, ƙirji ya riƙe. Likita ya ɗora maka abin awo a ƙirji da baya, ya ce ja numfashi, sake, ya sunkuya yana rubutu da wannan hannun nasu na tafiyar tsutsa. Ya fita ɗauko wani abu, kai kuma, da yake ba ka iya zama lafiya, ka leƙa fayil. Duk shafin ba ka gane komai ba sai haruffa uku manya-manya a gaban sunanka: SOB. Yanzu da na wayar maka da kai, na san jininka zai hau fiye da yadda ka zo da shi. Zauna. A bakin likitoci masu rubutu da Turanci, SOB na nufin "shortness of breath", wato sarƙewar numfashi, abin da ya kawo ka. Ba kai kaɗai ba ne mai saurin hawa. Tun da aka fara aiki da wata doka a Amurka a 2021 wadda ta ba marasa lafiya damar karanta abin da likita ya rubuta a kansu, ake ta jan kunnen likitoci su riƙa rubuta kalmomin a cike, don kada majinyaci ya zaci an haɗa masa da kyautar zagi. A harkar jiragen sama ma an daɗe ana amfani da haruffan nan da nufin adadin rayukan da ke cikin jirgi. In ka ji an ce akwai SOB 150 a sama, ba ra'ayin matuƙi ba ne game da fasinjojinsa, ko da kuwa wasunsu sun cancanta.

Ka ce to yaya za ka bambance? Duba wanda ya rubuta, ka duba abin da ke tsakaninku. In likita ne, huhunka yake nufi, sha maganinka. In kuwa makaniken nan ne da ya yi wata huɗu yana bin ka kuɗin gyaran giya, ya turo maka haruffa ukun nan da tsakar dare, to lafiyar numfashinka ba ta dame shi ba. Tura masa kuɗinsa.